Wani ya ce zai kai ɗana gwaji Turai, ta yaya ake gano ɗan ƙwallo a gaskiya?

Abban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon waɗanda suka san harkar ƙwallo su ba ni amsa tsakani da Allah. Ɗana yana da shekara 16, ɗan wasan tsakiya ne, kuma ba don ni na haife shi ba, yaron yana taka leda. Makon jiya bayan an tashi wasa wani mutum ya same ni, ya ce shi wakilin 'yan wasa ne, yana da hanya a Turai, zai kai shi gwaji a wata ƙungiya. Sharaɗinsa mu biya kuɗin jirgi da biza da wani abu da ya kira kuɗin rajista, kuma mu yi sauri domin kasuwa ta kusa rufewa. Mahaifiyar yaron ta ce atafau ba ta yarda ba, shi kuma yaron ya daina yi mana magana. Ni ina tsakiya. Abin da nake so in sani shi ne, su waɗannan manyan 'yan wasan da muke kallo, ta yaya aka gano su? Haka ake ɗaukar mutum a kai shi, ko akwai wata hanya da ban sani ba?

Sadiq LFC: Wa alaikumus salam Baba. Kada ka ba shi ko sisi. Wanda ya ga zinariya a ƙasa ba ya cewa a biya shi kafin ya sunkuya.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam, Abban Khalifa. Bari in fara da doka, domin ita ce za ta warware rabin maganar. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika 18. Akwai 'yan togaciya. Idan iyayen yaron ne suka ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba, an yarda. Idan tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ne, an yarda daga shekara 16. Idan gidan yaron bai wuce kilomita 50 daga kan iyaka ba, ƙungiyar ma haka a ɗaya ɓangaren, an yarda. Sai batun 'yan gudun hijira da ɗaliban musaya. In ɗanka bai shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, babu ƙungiyar Turai da za ta iya yi masa rajista yau, komai iyawarsa.

Kuma wannan doka ta ci manya. An hukunta Barcelona a 2014, an hukunta Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, an hukunta Chelsea a 2019, duk saboda ɗaukar yara ƙanana daga waje. Real Madrid ta gama ciniki da Flamengo kan Vinicius a 2017 yana ɗan shekara 16, Yuro miliyan 45, amma sai da ya zauna a Brazil har ya cika 18 a watan Yulin 2018 kafin ya tafi. Haka aka yi da Endrick, an daidaita da Palmeiras a ƙarshen 2022, bai je Madrid ba sai tsakiyar 2024. Idan Real Madrid ta jira, waye wannan da zai ce maka ku yi sauri?

Gwaji kuwa ana iya gayyatar ɗan shekara 16, amma shi ma da ƙa'idarsa. Ƙungiyar ce za ta gayyata a rubuce, iyaye su sa hannu, a cike takardar gwaji ta FIFA a shigar da ita cikin tsarin hukumar kafin yaro ya tashi. Dokar ta kuma haramta wa duk wanda ke ƙarƙashin FIFA ya nemi kuɗi ko ya karɓa saboda gwaji. Don haka ka tambayi mutumin abu biyu: lambar lasisinsa na wakilci, da wasiƙar gayyata daga ƙungiyar. FIFA tana da jerin sunayen wakilan da suka ci jarrabawarta, kowa yana iya dubawa.

Abban Khalifa: Na gode ƙwarai Barista, Allah ya ƙara sani. Wallahi ko sunan ƙungiyar bai faɗa mini ba, cewa ya yi sai mun biya tukuna.

Koci Bala: To ai ka ga amsarka, Alhaji. Na fi shekara ashirin ina horar da yara, kuma masu farautar 'yan wasa na gaskiya sun zo filina ba sau ɗaya ba. Bari in gaya maka yadda suke. Da farko ba za ka ma san sun zo ba. Mutum ne zai samu gefe ya zauna shi kaɗai da ɗan littafinsa, ba ya ihu, ba ya tafi. Yawancin lokaci ba ƙwallon yake kallo ba, yaron yake kallo lokacin da ƙwallon ba ta ƙafarsa. Yana waiwaye kafin a ba shi fasin? Taɓawarsa ta farko tana kai ƙwallon inda yake so, ko tana gudu ta bar shi? Idan an ƙwace a ƙafarsa yana bin ta, ko tsayawa yake yana ɗaga hannu yana zargin abokinsa? Idan ana cin ƙungiyarsa uku babu ko ɗaya saura minti goma, har yanzu yana neman a ba shi ƙwallo ko ya ɓuya?

Irin wannan mutumin ba ya yanke hukunci da wasa ɗaya. Zai dawo sau uku, sau biyar, ya gan shi a gida ya gan shi a waje, ya gan shi ranar da wasa ya ƙi shi. Sannan ya zo wurina ni koci, ba wurin uban yaron ba, ya tambayi halinsa: yana zuwa atisaye a kan lokaci? Ya taɓa jin rauni mai tsanani? Takardun shekarunsa tsaf suke? Bayan haka ya rubuta rahoto ya aika wa shugabansa, shi ma ya turo wani ya sake gani. Kafin maganar kuɗi ta taso an yi watanni, kuma idan ta taso, daga wurinsu kuɗin yake fitowa zuwa wurinmu.

Nura Alƙaluma: Koci, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma wannan zamanin mai littafi a gefen fili shi ne na ƙarshe a layi. Manyan ƙungiyoyi yanzu da kwamfuta suke fara farauta. Akwai kamfanoni irin su Wyscout da ke tara bidiyon wasanni daga gasa-gasa na duniya, kowane fasin da kowace tarewa an ƙirga. Ƙungiya za ta ce tana son ɗan baya na hagu, ƙasa da shekara 22, mai kai ƙwallo gaba, kwamfuta ta tace mata dubbai su koma ashirin. Sai a kalli bidiyonsu a rage su koma biyar, sannan a tura mutum ya je ya gani da ido.

Dubi Brighton. Sun ɗauko Moises Caicedo daga Independiente del Valle ta Ekwado a farkon 2021 kan kuɗin da bai kai fam miliyan 5 ba, suka ba da shi aro a Beerschot ta Beljiyam, a 2023 Chelsea ta saye shi a cinikin da zai iya kaiwa fam miliyan 115. Mitoma daga Kawasaki Frontale ta Japan suka ɗauko shi. Brentford kuwa rufe makarantar yaranta ta yi gaba ɗaya a 2016, ta koma sayen waɗanda alƙaluma suka nuna ana raina su. Ollie Watkins daga Exeter ta same shi a 2017, ta sayar wa Aston Villa a 2020 kan fam miliyan 28.

Koci Bala: Nura, ɗana, ina jin ka. Amma ka gaya mini, kwamfutarka tana ƙirga wasan da ba a ɗauka a kyamara ba? Yaran da nake horarwa babu wanda yake ƙirga fasin ɗinsu. Alƙaluma suna aiki ne a kan wanda ya riga ya shiga gasa mai rajista. Kuma ko a can, ido yana ganin abin da ba a aike shi ya gani ba. Steve Walsh na Leicester zuwa ya yi Le Havre don ya kalli Ryan Mendes, sai idonsa ya faɗa kan wani siririn yaro, Riyad Mahrez. Suka saye shi a Janairun 2014 daga rukuni na biyu na Faransa, bayan shekara biyu ya zama gwarzon ɗan wasan Ingila.

Nura Alƙaluma: Na yarda Koci, ban ce ido ya mutu ba. Amma N'Golo Kante da suka ɗauko daga Caen a 2015, yawan ƙwace ƙwallon da yake yi a gasar Faransa a bayyane yake cikin alƙaluma. Biyun tare suke tafiya. Kuma ai maganarka ta ƙarfafa tawa: duk wanda ke son a gan shi, dole ya shiga inda ake kallo. Ƙungiya mai rajista, gasa mai rajista, wasannin da ake ɗauka.

Maman Ikram: Ni ba masaniyar ƙwallo ba ce, amma ina goyon bayan mahaifiyar Khalifa ɗari bisa ɗari. Ɗan yayata haka aka yi masa. Aka karɓi kuɗi, aka kai shi wata ƙasa da bizar yawon buɗe ido, mutumin ya ajiye shi a masauki ya ce zai dawo da safe, har yau bai dawo ba. Biza ta ƙare, yaro ya kasa dawowa don kunyar abin da aka sayar aka tura shi. Shekara huɗu ya yi a can yana aikin ƙarfi a ɓoye, ƙwallon ma ya daina bugawa. Da ya dawo ba shi ba ne. Abban Khalifa, ka saurari matarka.

Barista Hadiza: Allah ya sawwaƙe, Maman Ikram. Kuma ba Turai kaɗai ba. A 2015 an bankaɗo yadda aka kwashi yara daga Afirka ta Yamma, yawancinsu 'yan Laberiya, aka kai su wata ƙungiya a Laos da sunan makarantar ƙwallo, sai da FIFA ta sa baki.

Sadiq LFC: Baba, ka nuna wa Khalifa tarihin Sadio Mane. Ya fito daga makarantar Generation Foot ta Dakar, wadda ke da yarjejeniya da Metz. Ya je Metz a 2011 tana rukuni na biyu, a 2012 ya koma Salzburg ta Ostiriya, a 2014 Southampton, sai a 2016 ya iso Liverpool yana ɗan shekara 24. Tsani huɗu ya taka. Salah ma haka, daga Al Mokawloon zuwa Basel, ya je Chelsea abin ya ƙi, ya koma Fiorentina da Roma, sannan Liverpool a 2017.

Yaya Mustapha: Sadiq ya taɓo inda nake so in yi magana. Mutane suna zaton daga filin unguwa ake tsalle a faɗa Firimiya. Gasannin duniya hawa-hawa suke, kuma akwai ƙasashen da sana'arsu ke nan, su saya da araha su goge su sayar da tsada: Beljiyam, Fotugal, Holand, Ostiriya, Denmark, Norway, Siwizalan. Akwai dalilin da ya sa Beljiyam ta zama ƙofa. Mafi ƙarancin albashin da doka ta ce a biya ɗan wasan da ba ɗan Tarayyar Turai ba bai kai na Holand tsada ba, saboda haka ƙaramar ƙungiya tana iya gwada sa'arta da yaro. Tun farkon shekarun 2000 Beveren ta cika da yaran makarantar ASEC Mimosas ta Abijan, daga nan Yaya Toure da Eboue da Gervinho suka bi. Sifaniya da Faransa kuma suna da iyaka kan yawan baƙi, amma saboda yarjejeniyar da ke tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka ba sa lissafa 'yan ƙasashen Afirka da yawa a cikin baƙin.

Osimhen ya isa misali. Ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, duk duniya ta gan shi. Duk da haka Wolfsburg ba ta iya yi masa rajista ba sai Janairun 2017 bayan ya cika 18. Ya je Jamus bai ci ko ɗaya a Bundesliga ba, ga rauni ga rashin lafiya. Charleroi ce ta karɓe shi aro a 2018, a nan ya farfaɗo, Lille ta saye shi a 2019, Napoli a 2020. Da a Wolfsburg aka rufe littafinsa, cewa za a yi bai iya ba. Sauka ƙasa da ya yi zuwa Beljiyam ita ta ɗaga shi.

Kudus ma ta Right to Dream ta Ghana ya bi, wadda ke haɗe da Nordsjaelland ta Denmark. Ya je can a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023.

Ingila kuwa tun da ta fice daga Tarayyar Turai ƙofarta ta ƙara ƙunci. Daga Janairun 2021 ba ta iya ɗaukar ɗan ƙasar waje da bai kai 18 ba ko da Bature ne, wato irin yadda Arsenal ta ɗauko Fabregas daga Barcelona a 2003 yana ɗan 16 ba zai yiwu yanzu ba. Babba ma sai ya tara maki kafin a ba shi takardar izinin aiki, ana duba wasannin da ya buga wa ƙasarsa, da ƙarfin gasar da ya fito, da yawan mintunan da ya buga, in ban da 'yan guraben da aka sassauta daga baya. Shi ya sa za ka ga an sayi yaro an ajiye shi aro a wata ƙasa.

Baba Tanko: Duk na karanta abin da kuka rubuta, yarana. Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Tun da aka yi hukuncin Bosman, wanda ya ba ɗan wasa damar tafiya kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare, ƙananan ƙungiyoyi suka zama gonar manya. Na ga Ajax ta 1995 da idona, yaran da ta raina da hannunta suka ɗauki kofin Turai. Bayan hukuncin nan Davids da Reiziger suka tafi AC Milan kyauta a 1996, Kluivert da Bogarde suka bi su a 1997. Ko kwabo ba a ba Ajax ba. Wannan adalci ne?

Barista Hadiza: Baba, da girmamawa, a nan zan saɓa maka. A tuna abin da ya kai Jean-Marc Bosman kotu. Kwantiraginsa da RFC Liege ya ƙare a 1990, Dunkerque ta Faransa tana son sa, Liege ta sa kuɗi a kansa, cinikin ya rushe, aka zaftare albashinsa, aka bar shi ba ya nan ba ya can. Mutum ya gama wa'adin aikinsa amma a ce ba zai nemi wani aiki ba sai an biya tsohon uban gidansa. Kotun Turai ta rushe wannan a ranar 15 ga Disamban 1995, kuma ta yi daidai. Yanzu ɗan wasa yana iya sa hannu da wata ƙungiya idan saura wata shida kwantiraginsa ya ƙare, yadda Mbappe ya bar PSG ya tafi Real Madrid a 2024 ba tare da an biya kuɗin ciniki ba. Shi kansa Bosman bai ci moriyar abin ba, shari'ar ta cinye shekarun wasansa.

Kuma maganar ba ta ƙare ba. A Oktoban 2024 kotun ta sake yanke hukunci a ƙarar Lassana Diarra, wanda rikicinsa da Lokomotiv Moscow ya hana Charleroi ɗaukarsa, ta ce wasu dokokin FIFA kan karya kwantiragi sun saɓa wa dokar Turai.

Baba Tanko: Na ji, 'yata, ɗan wasa ba bawa ba ne, ban musa ba. Amma wanda ya raine shi fa?

Koci Bala: Baba ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai yaron da na riƙe tun yana ɗan shekara 12 har ya kai 17. Ni na koya masa tsayar da ƙwallo da ƙirji, ni na kai shi asibiti da ya karye. Wata makarantar ƙwallo mai ƙarfi ta ɗauke shi, bayan shekara ɗaya ta sayar da shi waje, daga can aka sake sayar da shi. Da na nemi haƙƙinmu aka buɗe fasfonsa na ɗan wasa, wato takardar da ke lissafa ƙungiyoyin da ya zauna, sunan ƙungiyarmu babu shi a ciki. A takarda kamar ranar da ya shiga waccan makarantar ya fara buga ƙwallo a duniya. Ban yi baƙin ciki da ci gabansa ba, har gobe ina yi masa addu'a. Amma kuɗin nan da sun zo, da yara ɗari sun amfana.

Barista Hadiza: Koci, wannan shi ne ciwon da ya fi yawa, kuma abin takaicin shi ne doka ta tanadi haƙƙin naku. Iri biyu ne. Na farko diyyar horarwa: idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, ko aka sayar da shi zuwa wata ƙasa kafin ƙarshen shekarar da ya cika 23, ana biyan waɗanda suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 21. Na biyu kason haɗin kai: duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 12 zuwa 15 kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kowace tana da rabin kashi ɗaya.

Mu yi lissafi da irin naka. Shekara shida, daga 12 zuwa 17, kashi 2 cikin ɗari ke nan. A ce an sayar da shi Yuro miliyan 10, naku Yuro dubu 200. A sake sayar da shi miliyan 40, naku dubu 800. Kuma wannan yana biyo shi har ya yi ritaya, ba sau ɗaya ba ne. A Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris wanda kuɗin ke bi ta cikinsa kai tsaye zuwa ga masu haƙƙi, don kada a riƙa cinye wa ƙanana. Amma ofishin fasfon ɗan wasa yake karantawa. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙasarta ba, ko ta yi amma ba ta shigar da yaron ba, babu ita a rabo.

Banda wannan akwai abin da ƙungiya ke sakawa da kanta a ciniki, wato kaso idan an sake sayarwa. River Plate ta sayar wa Benfica Enzo Fernandez a 2022 ta riƙe kashi 25, bayan wata shida Chelsea ta biya Yuro miliyan 121. Exeter ma ta samu rabonta a cinikin Watkins da Nura ya ambata.

Koci Bala: Da na san wannan shekara goma da suka wuce. Yanzu dai duk yaron da ya shigo hannuna, kafin in ba shi riga sai an yi masa rajista.

Nura Alƙaluma: Baba Tanko, idan kana neman abin damuwa na yau, ni a ganina ba Bosman ba ne, mutum ɗaya ya mallaki ƙungiyoyi da yawa ne. Masu Manchester City suna da Girona da Troyes da New York City da wasu. Red Bull tana da Salzburg da Leipzig da Bragantino. Savinho an saye shi da sunan Troyes a 2022, bai taɓa buga mata wasa ko ɗaya ba, aka ba da shi aro PSV, aka ba Girona, a 2024 ya sauka Manchester City. Magoyin bayan Troyes me ya samu? FIFA ta hana 'yan kasuwa mallakar kason ɗan wasa tun 2015, irin mallakar da ta taɓa jawo rikicin Tevez da Mascherano a West Ham, ta kuma rage yawan waɗanda ƙungiya za ta iya bayarwa aro zuwa waje. Sai masu kuɗi suka daina sayen kason ɗan wasa suka koma sayen ƙungiyar ɗungurungum.

Yaya Mustapha: Amma ga yaron da ke neman hanya, wannan tsarin yana da amfaninsa, Nura. Haaland ya bi ta Molde zuwa Salzburg, ya samu wasa a kai a kai, Dortmund ta biya kuɗin da aka gindaya a kwantiraginsa a Janairun 2020, City ta yi haka a 2022. An tsara masa kowane mataki, ba a jefa shi inda zai zauna a benci ba.

Sadiq LFC: Tambaya Anti Barista. Shi kuɗin da aka gindaya ɗin nan, ƙungiya ba ta da ikon cewa a'a?

Barista Hadiza: Ba ta da shi, Sadiq, muddin an cika sharaɗin yadda aka rubuta. A Sifaniya kusan kowane kwantiragi yana da shi. Barcelona ba ta so rabuwa da Neymar ba a 2017, aka ajiye Yuro miliyan 222, magana ta ƙare.

Kuma tun da mutumin can ya ce wa Abban Khalifa kasuwa za ta rufe, bari in faɗi yadda rufewar take. Kowace ƙasa tana da lokaci biyu a shekara na rajistar 'yan wasa. Idan ciniki tsakanin ƙasa da ƙasa ne, ƙungiyoyin biyu kowace za ta shigar da bayanai a tsarin intanet na FIFA da aka wajabta tun 2010, sai sun yi daidai hukumar tsohuwar ƙasar ta saki takardar izinin sauya sheƙa. Leicester ta makara da daƙiƙa 14 a kan Adrien Silva a 2017, sai da ya zauna har Janairu bai buga ba. Kafin nan kuma akwai gwajin lafiya, wanda ba wasa ba ne. Bayan Kanu ya koma Inter Milan a 1996 ne likitoci suka gano matsalar zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka. Wannan duka na wanda za a yi wa rajista ne. Ɗan shekara 16 da ba za a iya yi wa rajistar ba, rufewar kasuwa ba ta shafe shi da komai ba.

Koci Bala: Ƙarin abu ɗaya, Alhaji. Duk wanda ya ce a rage wa yaronka shekara, ka guje shi. Tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma ƙungiyoyin waje suna bin takardun makaranta da na haihuwa. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, a kowace takarda.

Abban Khalifa: 'Yan uwa na dawo. Na kira mutumin na nemi lambar lasisinsa da wasiƙar ƙungiyar. Ya ce ban yarda da shi ba ne, akwai iyaye goma da ke jiran gurbin, ya kashe waya. Ƙanena ya duba jerin wakilan FIFA, babu sunansa. Na zauna da Khalifa muka karanta abin da kuka rubuta tare, wurin Osimhen ya karanta sau biyu. Bai ce komai ba, amma da yamma ya ɗauki takalmansa ya tafi atisaye.

Sai dai na gano wata matsala. Na je wurin kocinsu na tambayi rajistarsa, ashe bara kawai aka shigar da shi, alhali tun yana shekara 13 yake tare da su. Kuma an rubuta sunansa da wani harafi daban da na takardar haihuwarsa. Barista, wannan yana gyaruwa?

Barista Hadiza: Sunan yana gyaruwa, kuma yanzu ya fi sauƙi tun babu kuɗi a kansa. Ku je hukumar ƙwallon da ta yi rajistar, kai da kocin, da takardar haihuwa ta asali da fasfonsa idan yana da shi, ku rubuta buƙatar gyara, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi ku ajiye. Shekarun baya kuwa ya danganta da ko ƙungiyar tana da rajista a lokacin. Kocin ya tattaro duk abin da ke nuna yaron ya buga musu, katin gasa da takardun jerin 'yan wasa na ranar wasa, ya miƙa tare da buƙatar.

Koci Bala: Takardun jerin 'yan wasan sun fi ƙarfi, domin akwai sa hannun alƙalin wasa da kwanan wata. Idan kocin nasu bai ajiye ba, masu shirya gasar sukan ajiye nasu kwafin. Ku fara da can.